Darasin Turanci a Makarantar Tsakiya ta Amurka: Me Malami Ke Nema Daga Yaranmu?

Wannan bayani na rubuta shi ne musamman domin iyayen da ke zaune a nan Amurka waɗanda yaransu suka shiga aji 6, 7 ko 8, wato matakin da ake kira makarantar tsakiya, tsakanin firamare da babbar sakandare. Ni ba malamin makaranta ba ne, injiniya ne. Amma yarana uku sun bi ta wannan mataki, na zauna da malamansu a tarurrukan iyaye ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma na karanta takardun da hukumomin ilimi ke fitarwa kamar yadda nake karanta takardar ƙa'idojin aiki kafin a fara haƙa harsashin gini. Abin da na lura da shi shi ne, da yawa daga cikinmu muna sa ido a kan lissafi da kimiyya, muna barin darasin Turanci a baya. Dalilinmu kuwa shi ne ai yaro a nan aka haife shi, Turancinsa ma ya fi namu. To wannan darasi, wanda a takardar sakamako za ka ga an taƙaita sunansa da ELA, ba koyon magana ake yi a cikinsa ba.

Yaro yana shiga aji 6 yana da kimanin shekara 11, ya fita aji 8 yana da 13 ko 14. A firamare malama ɗaya ce ke riƙe da shi kusan yini guda, ta san halinsa, ta san ranar da bai karya ba. A makarantar tsakiya kuwa ƙararrawa ce ke tafiyar da shi daga ɗaki zuwa ɗaki, malamai shida ko bakwai a rana, kowa da dokarsa. Malamar Turanci takan ga aji biyar ko shida a yini, darasi na minti 45 zuwa 50, a wasu makarantun kuma a haɗe darasi biyu ya kai kusan minti 90. Mu ɗauka tana da ɗalibai 120. Idan kowane insha'i zai ci mata minti 5 kafin ta duba ta ba da maki, aiki guda ɗaya kenan ya cinye mata awa 10. Wanda ya riƙe wannan lissafi a ransa zai gane dalilin da ya sa waɗannan malamai ke tsananta wa kan abubuwan da mu muke gani ƙanana ne, kamar rubuta suna a kusurwar da aka ce, ko miƙa aiki ta hanyar da aka ce.

Me ya sa wannan mataki ya fi ƙarfin a yi masa riƙon sakainar kashi? Wani mai bincike na jami'ar Johns Hopkins, Robert Balfanz, shi da abokan aikinsa sun bi diddigin dubban ɗaliban birnin Filadelfiya tun daga aji 6, suka buga sakamakon a 2007. Sun gano cewa a makarantun unguwannin talakawa, yaron da ya faɗi Turanci ko lissafi a aji 6, ko zuwansa makaranta bai kai kashi 80 cikin 100 ba, ko aka ba shi mummunan sakamako a kan ɗabi'a, damarsa ta gama sakandare a kan lokaci ba ta wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Ku lura, ɗabi'a a aji tana cikin jerin, kafaɗa da kafaɗa da faɗuwa jarrabawa. Bugu da ƙari, a gundumomi da yawa sakamakon waɗannan shekaru ake dubawa a yanke ko yaro zai shiga ajin masu hazaƙa a aji 9. A birnin New York ma, makarantun sakandaren da ke tace ɗalibai suna duba makin ƙarshen shekara na aji 7 a manyan darussa huɗu, kuma Turanci na cikinsu.

ABIN DA AKE KOYARWA

Amurka ba ta da manhaja ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. Ilimi a hannun jihohi yake, jihohi kuma sun sakar wa gundumomi da yawa daga cikin ikon. Sai dai a 2010 ƙungiyar gwamnoni da ta shugabannin ilimi na jihohi sun fitar da wani ma'auni mai suna Common Core, jihohi fiye da 40 suka karɓa. Teksas da Bajiniya da Alaska da Nebraska ba su shiga ba, wasu jihohin kuma daga baya suka yi masa kwaskwarima suka sauya masa suna, amma ƙashin bayan abin yana nan kusan ko'ina. Ya kasa darasin zuwa karatu, rubutu, magana da saurare, sai nahawu da sanin kalmomi. Dokar tarayya ta ESSA, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a Disamba 2015, ta tilasta wa kowace jiha ta yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa 8. Ita ce jarrabawar da ake ta hayaniyarta a watannin Afrilu da Mayu.

Inda bambancin yake da irin Turancin da mu muka yi a gida shi ne wajen hujja. Mu a zamaninmu, auna fahimta shi ne a ba ka ɗan labari, a tambaye ka wa ya je kasuwa, ka nemo layin ka kwafe, a ba ka maki. Nan kuwa tambayar ba ta tsaya a me ya faru ba. Ana so yaro ya faɗi ra'ayinsa a kan abin da ya karanta, ya kawo shaida daga cikin littafin, sannan ya bayyana yadda shaidar ta tabbatar da ra'ayin. Matakai uku kenan, kuma na ukun ne ke kayar da yara.

Bari in ba da misali da wani littafi da makarantu da yawa ke karantawa a aji 6 ko 7, A Long Walk to Water na Linda Sue Park, wanda ya fito a 2010. Labarin Salva Dut ne, yaro ɗan shekara 11 daga kudancin Sudan da yaƙi ya koro daga makaranta a 1985, ya taka da ƙafa har Habasha, daga baya Kenya, kafin ya zo Amurka. Malama za ta iya tambaya: me ya taimaki Salva ya rayu? Yaron da ya rubuta cewa Salva ya rayu saboda jarumi ne, ya faɗi ra'ayi amma bai kawo komai ba. Wanda ya ƙara da cewa a cikin hamada kawunsa ya riƙa nuna masa wani ɗan wuri a gaba yana cewa ya daure ya kai nan kawai, ya kawo shaida, kuma za a so ya saka lambar shafi. Wanda zai ci cikakken maki shi ne wanda ya ci gaba ya ce: wannan ya nuna Salva ya koyi gutsura babbar wahala zuwa ƙanana, kuma da wannan dabara ya jagoranci wasu yaran bayan kawun nasa ya rasu. A wurin aikinmu ma haka ne. Ba ka cewa wannan ginshiƙi zai ɗauki nauyin bene don kawai ka ga yana da kauri. Sai ka nuna lissafin da ya haɗa kaurin da nauyin.

Sauran littattafan da za ku iya gani a jakar yaro sun haɗa da The Outsiders na S. E. Hinton na 1967, da The Giver na Lois Lowry na 1993, da kundin tarihin Anne Frank. Ba ƙagaggun labarai kaɗai ba ne, akwai jawaban shugabanni, rahotannin jarida da bayanan kimiyya. Rubutu kuma iri uku ne: na kare ra'ayi, na bayani, da na ba da labari. Sau da yawa ba a karɓar insha'i a zama ɗaya. Yaro zai yi daftarin farko, abokin zamansa ya duba, malama ta yi tsokaci, ya sake rubutawa. Idan ka ga ɗanka yana ta juya takarda ɗaya har mako biyu, ba wasa yake ba.

TUN RAN GINI RAN ZANE

Yanzu ga zancen dokokin aji. Malaman Amurka sun ɗauki makon farko na shekara da muhimmanci ƙwarai. Akwai wani littafi da Harry Wong da matarsa Rosemary suka rubuta, The First Days of School, wanda ya fara fitowa a 1991, kuma har yau ana raba wa sababbin malamai shi. Babban abin da ya koyar shi ne a rarrabe tsakanin doka da tsarin aiki. Doka ita ce abin da idan ka karya akwai hukunci, kuma ana so su zama kaɗan, uku zuwa biyar: girmama mutane, zuwa da kayan aiki, bin umarni tun a karon farko. Tsarin aiki kuwa shi ne yadda ake yin kowane abu: yadda ake shigowa, inda ake ajiye aikin gida, yadda ake neman izinin zuwa banɗaki, me za ka yi idan ka riga kowa gamawa. Shi ba hukunci ake yi a kansa ba, maimaitawa ake yi har ya zama jiki. Don haka idan yaro ya dawo a makon farko ya ce yau ba su yi komai ba sai koyon yadda ake miƙa takarda, kada ka ce malama ba ta san aikinta ba.

A yawancin azuzuwan Turanci, da yaro ya shigo zai tarar da ɗan aiki a allo wanda zai fara kafin malama ta ce uffan, na minti 5 ko ƙasa da haka: gyaran jimla, ma'anar kalma, ko amsa gajeriyar tambaya. Wanda ya tsaya hira a baranda ya makara da minti 3, ya rasa wannan maki, kuma kullum ne. Daga nan sai ɗan gajeren bayani daga malama, sai aiki a rukuni ko kowa shi kaɗai, sai wata 'yar tambaya a ƙarshe da za a amsa kafin a fita.

Duk wannan a rubuce yake. A makon farko kowane malami yana aiko da takardar tsarin darasinsa, wadda a ƙasanta akwai wurin sa hannun uba ko uwa. Na sha ganin 'yan uwa suna sa hannu a tsaye, a bakin ƙofa, suna sauri za su fita aiki. Don Allah a zauna a karanta ta. A ciki ne za ka ga yadda aka raba maki tsakanin jarrabawa da aikin gida, da hukuncin wanda ya kawo aiki a makare, da ko ana yarda a sake jarrabawa, da littattafan da za a karanta a shekarar. Yarjejeniya ce, kuma idan rigima ta tashi a watan Janairu ita za a ɗauko.

Sai batun maki, inda da yawa daga cikinmu ke ruɗewa. Mu mun saba 70 shi ne A, 40 kuma ka haye. A nan, a mafi yawan makarantu, A daga 90 take farawa, B daga 80, C daga 70, D daga 60, ƙasa da haka faɗuwa ce, wasu gundumomin ma sun ɗaga layin faɗuwar zuwa 65 ko 70. Uba ya ga 72 ya ce madalla, alhali yaro yana gab da rami. Sannan ga illar sifiri. Ɗauki yaron da aka ba ayyuka huɗu masu nauyi ɗaya, ya ci 85 a guda uku, na huɗu bai kawo ba. Jimla 255, a raba huɗu, ya tashi da kusan 64, wato D. Da ya kawo na huɗun a makare aka rage masa ya samu 75, da ya tashi da 82 da rabi, wato B. Aiki ɗaya tak. A ganina mafi yawan yaranmu da ke samun mummunan sakamako a Turanci ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, ayyukan da ba a miƙa ba ne, wani lokaci ma an yi aikin yana nan a ƙasan jaka ya cukurkuɗe. Kusan kowace gunduma tana da shafin intanet, irin su PowerSchool ko Infinite Campus, inda iyaye ke ganin makin kowane aiki. A karɓi lambar shiga daga ofishin makaranta, a riƙa leƙawa ko sau ɗaya ne a mako.

Babban insha'i kuma yana zuwa da takardar ma'auni, wato jadawalin da ke nuna abin da zai sa a ba da maki 4, ko 3, ko 2, ko 1 a kan kowane ɓangare: ra'ayi, shaida, tsari, nahawu. Ko da Turancinka bai yi ƙarfi ba, za ka iya cewa yaro ya karanta maka layin maki 4, sannan ya nuna maka da yatsa inda ya cika shi a rubutunsa.

INDA TARBIYYARMU DA TASU SUKA SHA BAMBAN

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna. Mun koya wa yaranmu kunya. Babba na magana ka sunkuyar da kai, ba ka haɗa ido da shi, ba ka musa masa, ba ka magana sai an tambaye ka. Tarbiyya ce mai kyau kuma ban ce a yar da ita ba. Amma malamar da ba ta san mu ba, idan tana yi wa yaro magana ya kafa ido a ƙasa, abin da za ta fahimta shi ne ko dai bai damu ba, ko yana ɓoye wani abu. Kuma magana a aji tana cikin abin da ake aunawa. Akwai ranakun da ake jera kujeru a da'ira, yara su yi muhawara a kan littafi, malama tana gefe tana rubuta wanda ya yi magana da wanda ya kawo hujja. Yarinyar da ta karanta littafin tsaf amma ta yi shiru don kawaici, za ta tashi da maki kaɗan.

Abin da nake gaya wa nawa shi ne, kowane wuri da ladabinsa. A gaban kakanka ka sunkuya. A gaban malama ka dube ta, ka ɗaga hannu, idan ba ka yarda da fassarar da ta yi wa labari ba ka faɗa cikin ladabi, ka nuna shafin da ka dogara da shi. A wurinta wannan shi ne alamar ɗalibi na ƙwarai. Yana da kyau kuma uba ko uwa su yi wa malama wannan bayani tun farkon shekara, ko ta imel mai layi uku. Yawancinsu suna jin daɗin sanin haka, domin ba wanda ya taɓa gaya masu.

Hukunci a nan hawa-hawa ne: gargaɗi, sauya wurin zama, kiran iyaye, tsarewa bayan an tashi, sai turawa ofishin mataimakin shugaban makaranta, sai dakatarwa. Idan malama ta kira ka a waya, wannan mataki ne na ƙasa-ƙasa, taimako take nema kafin abin ya shiga fayil. Kada a amsa mata da cewa bari ya dawo gida zai gane kurensa. Doka ta wajabta wa malamai a kowace jiha su kai rahoto ga hukumar kare yara idan suka yi zargin ana cutar da yaro, kuma magana irin wannan, ko tabo a jiki, tana iya jawo wa gida binciken da ba a shirya masa ba.

Satar rubutu ma babban laifi ne a wurinsu. Mu da muka tashi da hadda, mayar wa malami kalmominsa daidai alamar ƙoƙari ce. A nan ɗauko jimlar wani ba tare da faɗin mai ita ba yana jawo sifiri da kiran iyaye. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022 abin ya ƙara tsanani, shi ya sa malamai da yawa suka koma sa yara yin rubutu a cikin aji, wasu ma da fensir da takarda. Yaya ko uba ya zauna ya gyara wa yaro insha'i har ya fi ƙarfin shekarunsa, shi ma malama za ta gane, domin tana da rubutun da ya yi a gabanta. Wayar hannu kuma, jihar Fulorida ta yi dokar hana ta a lokacin darasi a 2023, New York ta hana ta daga shiga har tashi tun shekarar karatu ta 2025, jihohi da dama sun bi sahu. A daina kiran yaro ana tsakiyar darasi, a kira ofis.

Game da littattafai, wani lokaci za a zo da wanda abin da ke cikinsa bai dace da abin da muke koyarwa a gida ba. Hanyar da ta fi ita ce a duba jerin tun watan farko, a karanta ko a nemi wanda ya karanta, sannan a rubuta wa malama a nemi a ba yaro wani littafin a madadinsa. Gundumomi da yawa suna da tsarin yin haka. Abin da ba ya aiki shi ne a hana yaro karantawa a yi shiru, domin sifiri kawai zai tara.

YARON DA YA ZO DAGA GIDA

Wanda aka kawo daga Kano ko Zinder ko Kumasi yana ɗan shekara 12 lamarinsa daban ne. Lokacin rajista za a ba ku takarda ana tambayar harshen da ake yi a gida. A rubuta gaskiya, a ce Hausa. Za a yi masa gwaji, idan yana buƙatar taimako a sa shi cikin shirin masu koyon Turanci, kuma haƙƙinsa ne tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Lau da Nichols a 1974. Jihohi da yawa suna amfani da jarrabawar WIDA duk shekara don auna ci gabansa, daga mataki na 1 zuwa na 6. Iyayen da Turanci bai zauna masu ba su ma suna da haƙƙin a samo masu tafinta a taron makaranta kyauta, kuma bai kamata a mai da yaron shi ne tafinta a zancen da ya shafe shi ba.

Masanin harshe Jim Cummins ya daɗe da nuna cewa Turancin hira yakan zauna wa yaro cikin kimanin shekara 2, amma Turancin karatu da rubutu na makaranta yana ɗaukar shekara 5 zuwa 7. Shi ya sa za ka ji yaro yana zuba Turanci kamar a nan aka yanke masa cibiya, amma insha'insa ya dawo da jan biro ko'ina. Kada a yi gaggawar cire shi daga shirin don gudun a ce ɗan wane yana ajin baƙi. Kada kuma a daina yi masa Hausa a gida da sunan taimaka masa. Yaron da ya iya ba da labari daga farko har ƙarshe da Hausa, ya iya kare ra'ayinsa a gaban yayyensa, ya riga ya mallaki rabin abin da malama ke nema, saura ya zuba shi a wani harshen. Wanda ya yi firamare a Najeriya ko Gana zai zo da rubutun Ingila, inda kalmomi irin su colour ke da harafin u, a nan kuwa babu shi. Ƙaramin abu ne, a sanar da malama don kada ta ɗauka kuskure ne. Na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi Faransanci kuwa, za su tarar da kalmomin makaranta masu yawa sun yi kama da waɗanda suka sani.

A jarrabawar ƙasa ta NAEP ta 2024, kashi ɗaya cikin uku na 'yan aji 8 ba su kai ko matakin farko ba a karatu, adadin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara wannan awo, kuma kashi 30 cikin 100 ne kawai suka kai matakin ƙwarewa. Ma'ana, idan aka ce maka ɗanka yana tafiya daidai da sa'o'insa, ka tambaya a wane mataki yake karatu. Yawancin malamai suna so yaro ya yi karatun ganin dama na minti 20 zuwa 30 kowane dare, kuma katin laburaren unguwa kyauta ne.

Sai maganar tafiya gida. Shekarar karatu kimanin kwana 180 ce, kuma yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100, wato kwana 18, ana lissafa shi cikin masu yawan fashi ko da da izini ya yi. Na san tikitin jirgi ya fi sauƙi a Janairu da Fabrairu, kuma biki ba ya jiran hutun bazara. Amma mako huɗu a ajin Turanci littafi guda ne sukutum da insha'in da ke biye da shi, kuma muhawarar da aka yi a aji ba a aiko ta a takarda. Idan tafiyar ta zama dole, a rubuta wa malamai aƙalla mako biyu kafin ranar, a karɓi littafin a saka a jaka, a kuma tambayi ofis kwana nawa yaro zai yi ba ya nan kafin a cire sunansa daga rajista, domin a wasu gundumomin kwana 10 a jere ya isa.